Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Tsara Manhajar Karatu da Malaman Kimiyya: Mai Sabuntuwa Ma Yana Ƙarewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina masu daraja, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ƙoƙari a kan aikin da kowa ya san nauyinsa ya fi abin da ake biyanku. Na ɗauki alƙalami ne don in kawo kukana a kan darasi guda ɗaya, wanda nake ganin ana koyar da shi rabi da rabi, kuma rabin da ake bari shi ne ya fi muhimmanci.

Darasin shi ne na albarkatun ƙasa. Kusan duk littafin kimiyyar muhalli da aka rubuta wa yara yakan raba shafi gida biyu. A gefe guda a jera albarkatu masu sabuntuwa: ruwa, itatuwa, kifi, ƙasar noma, iska, hasken rana. A ɗaya gefen a jera waɗanda ba sa sabuntuwa: man fetur, kwal, iskar gas, zinariya, tama. Yaro ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki. Amma abin da ke zama a zuciyarsa bayan an tashi daga makaranta shi ne cewa na gefen farko ba sa ƙarewa, don haka babu abin damuwa a kansu. To a nan gizo ke saƙar. Idan aka duba tarihin shekaru 100 da suka wuce, barnar da ta fi tagayyara mutane ta faɗa ne a kan albarkatun da aka ce suna sabuntuwa. Man fetur bai ƙare ba har yau. Amma akwai tekun da ya ƙafe, akwai kifin da ya ɓace, akwai gonakin da iska ta kwashe.

Abin da ba a gaya wa yaron ba shi ne maganar sauri. Kowace albarka mai sabuntuwa tana da gwargwadon saurin da take dawowa da shi. Kifi yana da yawan 'ya'yan da zai iya haifa su girma a shekara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da yawan abin da damina ke mayar masa. Daji yana da iyakar itacen da zai iya ƙarawa. Muddin abin da ake ɗiba bai wuce abin da ke dawowa ba, ana iya ci har abada. Ranar da ɗiba ta zarce dawowa, an fara cin uwar kuɗi ke nan, kuma ɗan kasuwar da ya fara cin uwar kuɗinsa yakan ga kamar yana cikin daula, domin aljihunsa bai taɓa cika irin na lokacin ba, har ranar da zai buɗe shago ya tarar babu kaya. Wannan lissafi ne ɗan aji huɗu zai iya fahimta, kuma shi ne ginshiƙin kimiyyar muhalli gaba ɗaya.

Bari in kawo muku labarin kifin kod na gaɓar Niyufanlan a ƙasar Kanada, domin ina ganin ya cancanci shafi guda cur a littafin kowane ɗalibi. Kusan shekaru 500 masunta suna kama wannan kifi da ƙugiya da ƙananan jirage, kuma bai ragu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka shigo da manyan jiragen ruwa masu jan koma a ƙasan teku, masu na'urar gano inda kifi ya taru, masu ɗakunan ƙanƙara da ke ba su damar yin makonni ba su dawo gaɓa ba. A shekarar 1968 abin da aka kama ya kai wajen tan 800,000. Kowa na murna. Ƙananan masunta na bakin gaɓa su ne suka fara kuka a shekarun 1980, suna cewa kifin da suke kamawa ya ƙanƙance kuma ya yi wuyar samu. Ba a saurare su ba, saboda alƙaluman manyan jirage suna nuna kamu bai faɗi ba. Abin da ya rufe wa hukumomi ido shi ne, shi wannan kifi taruwa yake yi wuri guda, kuma na'ura tana gano taron komai ƙanƙantarsa, don haka jirgi yakan cika ko da sauran tekun ya zama fayau. A watan Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun gaba ɗaya. Mutane fiye da 30,000 suka rasa sana'a. An ce hanin na shekaru biyu ne. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na da.

Ku dubi darussan da ke cikin wannan labari guda. Yaro zai gane cewa yawan abin da aka samu ba ya nuna yawan abin da ya rage. Zai gane cewa dabba idan ta ragu ta wuce wani mizani, ba lallai ta farfaɗo ba don kawai an daina taɓa ta. Zai kuma gane cewa mutumin da ke kusa da albarka, wanda hannunsa ke cikinta kullum, sau da yawa yakan riga mai ofis ganin alamar haɗari. Babu jerin sunaye da zai koya masa waɗannan.

Haka maganar ruwa take. Ana koya wa yara cewa ruwa yana zagayawa: rana ta ɗaga shi daga teku, ya zama girgije, ya sauko, ya koma. Gaskiya ne, amma sai yaro ya ɗauka tun da zagayawa yake yi, ba zai yi ƙaranci ba. Ya kamata a haɗa masa da cewa wajen kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, kuma ɗan abin da ya rage mafi yawansa daskararre ne a ƙanƙarar Antatika da Girinlan da kan manyan duwatsu. Wanda ke koguna da tafkuna, wanda ido ke gani, ɗan mitsitsi ne. Daga ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba kuwa, wajen kashi 70 cikin 100 noman rani ne ke shanye shi.

Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya a shekarar 1960, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 68,000. Koguna biyu ne ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya. Hukumomin Tarayyar Sobiyet suka yanke shawarar karkatar da kogunan zuwa gonakin auduga a cikin hamada, ta magudanan da yawancinsu ba a daɓe ba, ruwa na tsiyayewa a hanya. Rana ba ta daina ɗaukar nata rabon daga tekun ba, abin da ke shigowa kuwa ya yanke. Ruwan ya ja baya, gishirinsa ya ƙaru har kifi ya mutu. Garin Moinak, wanda a da tashar jiragen kamun kifi ne mai masana'antar sa kifi a gwangwani, yau yana da nisan kilomitoci masu yawa daga ruwa. Duk wanda ya ga hoton wurin ba ya mantawa: jirage a jere a kan yashi, tsatsa ta cinye su, ƙasan da ke ƙarƙashinsu fari fat da gishiri, ga ɓawon katantanwar ruwa a warwatse inda a da igiyar ruwa ke bugawa. Iska na kwasar wannan gishiri haɗe da ragowar maganin ƙwari da ya gangaro daga gonaki, tana watsa wa mutanen yankin a huhu. A 2014 hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna ɓangaren gabas na kudancin tekun ya bushe ƙaf. Ruwan duniya bai ragu da ɗigo ɗaya ba a duk wannan lokaci, amma hakan bai amfana wa masuncin Moinak komai ba.

Na ƙarƙashin ƙasa ya fi ban tsoro, domin ba a ganin raguwarsa. Akwai wuraren da ruwan da ake zuƙowa da famfo ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ke da damina mai yawa, kuma yanzu kusan babu abin da ke komawa. Saudiyya ta noma alkama da irin wannan ruwa har ta sayar wa ƙasashen waje, daga baya ta ga ba hanya ba ce ta janye. Taskar ruwan Ogalala, wadda ke ƙarƙashin jihohi 8 na Amurka, ta ja ƙasa sosai a sassan kudancinta. Biranen Jakata da Meziko kuwa nutsewa suke yi sannu a hankali saboda an zuƙe ruwan da ke riƙe da ƙasarsu. Irin wannan ruwa a wane gefen shafi za a sa shi?

Ƙasar noma ma haka. Kafin santimita ɗaya na ƙasa mai kyau ya samu daga ruɓewar ganye da narkewar dutse, ana ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Ruwan sama na dare ɗaya a kan gangaren da aka tsiraita yana iya tafiya da shi. Amurka ta ɗanɗana wannan a shekarun 1930, lokacin da aka nome ciyawar filayen tsakiyar ƙasar, fari ya zo, iska ta ɗaga ƙasar gonaki ta rufe sama da ita, dubban iyalai suka yi hijira.

Abu na biyu da nake roƙon ku dasa a zukatan yara shi ne cewa babu abin da ke ɓacewa. Mukan ce mun zubar, mun ƙone, ruwa ya tafi da shi, kamar akwai wani waje a bayan duniya da shara ke zuwa. Ku gwada yi wa ɗalibanku wannan tambaya: lita ɗaya ta fetur nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ne. Idan mota ta ƙone ta, ina ta tafi? Yawancinsu za su ce ta ƙare. Sai ku gaya musu cewa wannan lita ta zama iskar kabon mai nauyin wajen kilo 2.3, domin sinadarin kabon da ke cikin man ya haɗu da oksijin na iska, ya fita ta salansa. Abin da ya fita ya fi abin da aka zuba nauyi, ido ne kawai ba ya ganinsa. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan ɗumamar yanayi. Sai dai a nuna masa awon da Charles Keeling ya fara a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawayi a 1958. A lokacin, cikin kowane ƙwayar iska miliyan ɗaya, wajen 315 na iskar kabon ne. Yau sun haura 420. Kafin zamanin masana'antu wajen 280 ne. Kwal da fetur ragowar halittu ne da suka kwanta a ƙasa miliyoyin shekaru, mu kuma muna mayar da kabon ɗinsu sama cikin ƙarni biyu kacal. Nan ma maganar sauri ce: dazuzzuka da tekuna suna shanye wani kaso, amma ba su iya bin sawunmu ba.

Guba ma ba ta ɓacewa, hawa take yi. A garin Minamata na Japan wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da ruwan da ke ɗauke da zaiba a cikin teku. A cikin ruwan kansa zaibar ba ta da yawa. Amma ƙananan halittu suka sha, ƙananan kifaye suka ci su, manyan kifaye suka ci ƙanana, kuma a kowane mataki gubar na taruwa a jiki domin ba ta fita. Kyanwoyin garin ne suka fara haukacewa suna faɗuwa. A 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu na rawa, gani na raguwa, harshe na karyewa, ana haifar jarirai da nakasa. Sunan wannan gari aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba. Har yau kuwa ƙananan masu haƙar zinariya a ƙasashe da dama suna ƙona zaiba da hannunsu suna shaƙar hayaƙin, kuma sana'arsu ce ta fi kowace sakin zaiba a iska. Da yawansu sun zauna a aji irin naku. Da an koya musu yadda guba ke hawa daga ƙaramin halitta zuwa babba, wataƙila da wasunsu sun yi tunani kafin su wanke kwanon aikinsu a kogin da ake kamun kifi.

Sai dai ina roƙonku kada ku koyar da wannan kamar kowane sinadari shaiɗan ne. Maganin ƙwari na DDT ya sa ƙwan gaggafa ya yi laushin ɓawo har yana fashewa a ƙarƙashin uwa, shi ya sa Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Amma shi ɗin dai ya ceci rayuka masu yawa daga zazzaɓin cizon sauro, kuma yarjejeniyar Istokholm ta 2001 a kan sinadarai masu guba ta bar ƙofa a buɗe don feshin cikin ɗaki. Takin zamani da ake haɗawa daga naitirojin na iska, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka gano a farkon ƙarni na 20, shi ne ke ciyar da babban kaso na mutanen duniya. Shi ne kuma idan ya yi yawa ruwa ya wanke shi zuwa kogi, yake haifar da gansakuka mai yawa, wadda idan ta ruɓe take shanye oksijin na ruwa, kamar yadda ke faruwa duk shekara inda kogin Misisipi ke shiga teku. Yaro ya cancanci a nuna masa fuskokin biyu, a bar shi ya auna. Idan aka ɓoye masa amfanin, ranar da ya gano sai ya daina yarda da duk abin da aka koya masa.

Akwai wani darasi da ake kira iyakar abin da wuri zai iya ɗauka, kuma misalinsa mafi sauƙi shi ne tsibirin Sen Matiyu a tekun Berin. A 1944 aka kai wata irin barewar ƙasashen sanyi guda 29 aka saka a can. Babu mai farautarsu, ga abinci jibge. Zuwa 1963 sun kai 6,000. Suka cinye tsiron da suke dogara da shi, wanda yake ɗaukar shekaru kafin ya sake fitowa, sai ga hunturu mai tsanani. Da aka koma a 1966, guda 42 aka tarar. Misali ne mai kyau, amma a nan ne nake jin tsoron a yi kuskure. Na sha jin ana kawo irin wannan labari a ƙare da cewa matsalar duniya ita ce talakawa sun cika haihuwa. Wannan zalunci ne, kuma ba kimiyya ba ce. Barewa duk cinsu ɗaya ne. Mutane kuwa ba haka suke ba. Mutanen duniya sun kai biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, amma nahiyar Afirka, wadda ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi, iskar kabon da take fitarwa daga ƙona mai da kwal ba ta wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. Nauyin da mutum ke ɗora wa ƙasa ya danganta da yawan mutane, da yawan abin da kowannensu ke ci, da irin fasahar da ake samar da shi. Littafin da ya zana hoton mace ɗauke da itacen girki a matsayin mai lalata duniya, bai zana jirgin da ke kwashe gungumen katako zuwa ƙetare ba, ya yi wa yara ƙarya. Matar nan ba ta da zaɓi. A koya wa ɗanta ya tambayi dalilin da ya sa ba ta da shi.

Game da albarkatun da ba sa sabuntuwa ba zan tsawaita ba, tun da su littattafai sun fi ba su haƙƙinsu. Labarin Nauru ya isa. Ƙaramin tsibiri ne a tekun Fasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 21, mai arzikin fosfat da ake yin taki da shi. An fara haƙa a farkon ƙarni na 20, kuma a shekarun 1970 'yan ƙasar suna cikin waɗanda suka fi kowa samun kuɗi a duniya. Da fosfat ɗin ya ja baya, aka bar su da tsibirin da wajen kashi 80 cikin 100 nasa ya zama tsaunukan duwatsu masu kaifi, ba noma ba gini. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya koyi yi game da kowane ma'adini ita ce: me aka gina da kuɗinsa wanda zai rage bayan ramin ya ƙare? Kuma a gaya masa gaskiya cewa wutar sola da motar lantarki su ma daga rami suke farawa. Batir yana buƙatar litiyom da kobal, kuma mafi yawan kobal na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, wani sashe da hannun mutanen da ba su da ko takalmin kariya. Hasken rana ba ya ƙarewa, amma tagullar da ke ɗauke da wutarsa tana da iyaka. Shi ya sa sake narkar da ƙarfe ke da muhimmanci: gwangwanin alminiyom da aka sake narkarwa yana cin wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake buƙata a yi sabo daga dutse.

Na san wani zai ce duk waɗannan labaran baƙin ciki ne, za su karya wa yara zuciya. Ina tare da shi a kan cewa tsoro kaɗai ba ya gyara komai. Shi ya sa nake so a ba labaran gyara wuri daidai da na ɓarna, kuma akwai su. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa iskar CFC da ake sa wa firiji da gwangwanin feshi tana cin rufin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana mai cutarwa. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton ramin da ya buɗe a rufin ozon a saman Antatika. A 1987 aka sa hannu a yarjejeniyar Mantiriyal don rage amfani da irin wannan iska, wadda daga baya duk ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ita. Yau rufin yana warkewa, kuma ana sa ran zai koma yadda yake a mafi yawan duniya wajen 2040. A Aral ɗin ma, madatsar Kokaral da Kazakistan ta kammala a 2005 ta riƙe ruwan Sir Darya a ɓangaren arewa, ruwa ya hau, gishiri ya ragu, kifi ya dawo, wasu masunta suka koma sana'arsu. Ba a dawo da tekun duka ba, amma an ceci abin da za a iya ceta.

Wanda na fi so a koyar shi ne aikin Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. An daɗe ana cewa duk abin da jama'a suka mallaka tare, makiyaya ce ko daji ko kogi, ƙarshensa lalacewa ne, domin kowa zai yi rige-rigen ɗiba. Ita kuwa ta bi diddigin al'ummomin da suka riƙe irin waɗannan albarkatu ɗaruruwan shekaru ba su lalace ba, kamar makiyayan tsaunukan Suwizalan da manoman rani na Sifen da Nefal. Ta tarar suna da abubuwa iri ɗaya: an san iyakar wurin da waɗanda ke da haƙƙi a cikinsa, masu amfani da shi suna da baki a wajen kafa doka, akwai masu sa ido daga cikinsu, hukunci kuma yana farawa da sauƙi ya yi tsanani idan mutum ya maimaita. Wannan ilimi ne da ɗalibi zai iya ɗauka ya yi aiki da shi a duk inda ya samu kansa, ko shugaban ƙungiyar masunta ya zama ko minista.

Ranku ya daɗe, ba sabon abu nake nema ba. Tun a 1977 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Tibilisi ƙarƙashin hukumar ilimi (UNESCO) da hukumar muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa ilimin muhalli ya haɗa da sani, da ƙwarewa, da shiga cikin aikin gyara. Shekaru sun kusa 50, amma a ajujuwa da yawa sanin kaɗai aka ɗauka, shi ma na hadda.

Ba sai an sayi kayan ɗakin gwaji masu tsada ba. Malami ya samo faranti biyu masu zurfi, ya cika su da ƙasa iri ɗaya, ɗaya tsirara, ɗaya da ciyawa a kanta har da saiwoyinta. Ya jingina su a karkace, ya sa kwalba a ƙasan kowanne, ya ba yaro gwangwanin da aka huda gindinsa ya zuba musu ruwa daidai wa daida. Kwalbar farko za ta cika nan da nan da ruwa ja mai kauri, ƙasa na kwanciya a gindinta. Ta biyun za ta ɗauki lokaci, ruwan kaɗan ne, kuma kusan garau. A bar kwalaben a kan taga har mako ya zagayo, yara suna kallonsu. Idan akwai rijiya kusa da makaranta, a ɗaura dutse a igiya, a auna zurfin ruwan sau ɗaya a wata, a rubuta a littafin da aji zai bar wa ajin da ke biye da shi. Bayan shekaru kaɗan makarantar tana da tarihin ruwan yankinta, kuma yaran da suka rubuta shi sun san me ake nufi da ɗiba da dawowa. A sa su auna sharar da ajinsu ke tarawa a mako, su bi sawunta su ga inda take ƙarewa.

Ku kuma masu tsara jarrabawa, a hannunku maganar take, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa, kuma ba laifinsa ba ne. Muddin tambayar ita ce a lissafo albarkatu biyar masu sabuntuwa, hadda za a ci gaba da yi. Ku canza ta. Ku ce: tafki yana da kifi 10,000, suna ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 a shekara, masunta suna kama 3,000 duk shekara, me zai faru bayan shekaru biyar, kuma nawa ya kamata a riƙa kamawa? Ku ba kwalejojin horar da malamai lokaci da kuɗin da za su koya wa sababbin malamai irin wannan darasi, ku kuma sa a cikin jadawali awa guda a mako da za a fita da yara waje. A bugu na gaba na littafin, ina roƙon a ƙara layi na uku a shafin nan mai gida biyu, inda za a rubuta a gaban kowace albarka tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta dawo.

Allah Ya taimake ku, Ya sa albarka a aikinku.

Wassalam,
Wani uba mai 'ya'ya a makaranta